Agwagwar Takarda Mai Wa'adin Kwana Goma Sha Huɗu

Unguwar Shanu, Kaduna.
Talata, bayan la'asar.

Zuwa ga sanyin idona, hasken zuciyata, farin watan da ke leƙowa sau ɗaya ya ɓuya wata biyar. Zuwa ga hadarin gabas mai cika sama da rugugi ya wuce bai zubar da ɗigo ko ɗaya ba. Zumata da aka toshe a kwalba aka ɗora can saman kabad inda hannu ba ya kai. Zaki a bayan tebur, gwarzo a gaban fayil, wanda harshensa ke tafiya hutu da zarar ya zauna a tabarmar zaurenmu. Zuwa ga Yallaɓai Sharhabil, jami'in ajiye takardu na ma'aikata, gwanin ninke-ninke na Unguwar Rimi da kewayenta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, ina fatan fayilolinka suna lafiya, babu wanda gara ta taɓa, babu wanda ya kwana da kuka don an bar shi ba amsa. Ni ma lafiyata ƙalau, in dai ana kiran wadda ta rame har zobenta ya koma babban yatsa mai lafiya.

Na rubuto ne in sanar da ofishinka mai albarka cewa takardarka ta ranar sha biyu ga watan Mayu ta iso hannun mai ita, kuma an karanta ta ranar Asabar ɗin nan da ta wuce. Wata biyar da kwana shida. Kada ka ce an yi jinkiri, ranka ya daɗe, a wurinku ai wannan aikin gaggawa ne. Na kira wayarka sau uku ranar Lahadi in gaya maka da baki, ba ka ɗauka ba, sai na tuna kai ba ka jin magana sai an rubuta. Jiya kuma ƙanwarka Rahmatu, abokiyar aikina a makaranta, ta shaida mini cewa ranar Litinin mai zuwa za ka kama hanyar Kafanchan. Wai kai da hannunka ka nemi a canza maka wurin aiki, domin Kaduna ta yi maka ƙunci tun da 'yar Malam Ahmadu ta ƙi ka. Ta ƙi ka! Ni! To, ajiye jakar tukuna, ka gyara zama, ka karanta wannan har ƙarshe. Ba ta da wuya, ba ta da fiffike, ba sai ka nemi inda ake buɗewa ba.

Ka tuna yammacin da ruwan farko ya tsare ka a zaurenmu? Ni ban manta ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina. Wata na uku ke nan kana zuwa zance, kuma in aka tara duk kalmomin da ka furta a wata ukun nan ba za su cika bayan ambulan ba. Ya gida, ya makaranta, ya su Baba Malam, shi ke nan, sai ka koma kallon takalminka kamar ranar ka fara ganin sa. Ran nan kwanon rufi yana ta ƙara, ƙanshin ƙasa ya cika zaure, babu hanyar gudu. Sai ka buɗe jakarka ka zaro wata tsohuwar takardar sanarwa ta ofis, wadda ke yi wa ma'aikata gargaɗi a kan makara. Ka ce a waya ka koyi wata fasaha ta mutanen Japan, sunanta origami, kana yin ta a ofis in kana jiran darakta ya sa hannu. Na ce a raina, lallai darakta yana daɗewa.

Sai ga mutumin da ba ya magana ya zama mai wa'azi! Ka ce dole gefe huɗu na takardar su zama daidai wa daida, don haka ka kawo kusurwa ɗaya ka haɗa ta da gefe, ka goga, ka yage rarar da ta yi saura a ƙasa. Riƙe maganar yage rarar nan da kyau, masoyina, za mu dawo kanta. Ka ninke ta kusurwa zuwa kusurwa, ka bi layin da farcenka, ka buɗe. Ka kawo gefe biyu suka haɗu a tsakiya, ka kifa ta, ka sake kawo su, har ta yi tsini. Ka kwantar da tsinin baya ka ce wuya ke nan, ka karya ɗan bakinsa ka ce kai ke nan. Ka ninke ta duka gida biyu. Sannan a hankali, da yatsu biyu, ka ɗago wuyan ka matse gindinsa, sai ga tsuntsuwa zaune a tafin hannunka tana kallo na. Babu almakashi, babu gam, sai yatsun da ban taɓa zaton sun iya wani abu bayan huda fayil ba.

Na ce agwagwa ce. Fuskarka ta canza kamar na zagi kakanka. Ka ce ba agwagwa ba ce, suwan ake ce mata, fara ce fat, mai dogon wuya, tana zama a tafkunan ƙasashen sanyi. Ka ce in ta zaɓi abokin zama, shi ke nan, ba ta sake wani. Da ka faɗi haka ka dube ni ido cikin ido na tsawon daƙiƙa ɗaya da rabi, kuma wallahi, Sharhabil, na ji kallon nan har tafin ƙafata. Don in ɓoye kunyata na kai hannu zan taɓa fiffiken, ka yi wuf ka janye ta. Ka ce, "A'a, Ummukulthum, ba a jan fiffike. In ta warware ba ta komawa daidai." Kai ka faɗa, da bakinka, a ranar da bakin ya yi aiki. Kwanon rufinmu shaida ne.

Sai ranar sha biyu ga Mayu. Ka zo da sabuwar shadda mai ruwan toka, an yi mata guga har tana ƙara, gumi yana zubo maka ta ƙarƙashin hula alhali ana iska. Ko ya makaranta ba ka tambaya ba. Ka zaro agwagwa, afuwan, suwan, daga aljihun gaba, ka ajiye ta a tabarma tsakanina da kai kamar mai ajiye ƙwai, ka ce kana sauri kada cunkoso ya rufe hanya, ka fice har kana tuntuɓe da dokin ƙofa. Wane cunkoso ne tsakanin Unguwar Shanu da Unguwar Rimi da zai sa namiji ya manta da sai anjima? Na ɗauke ta da hannu biyu. Ta fi duk na baya kyau, ƙirji a gaba, wuya a lanƙwashe, tana yanga ba ta taka ƙasa ba. Na ga inuwar rubutu ta cikin takardar, na ce ai da ma da tsofaffin takardun ofis yake yi, wataƙila wannan karon sanarwar hutun Sallah ce.

Kuma ka manta gidan da na tashi. A gidan Malam Ahmadu takardar da aka yi wa rubutu ba abin wasa ba ce. Tun ina rarrafe nake ganin ana tsintar guntunta a ƙasa, a kaɗe, a soka a jikin bango. Ina 'yar shekara biyar aka murɗe mini kunne don na buɗe wata 'yar ninkakkiyar takarda da na gani a ƙarƙashin matashin kakata, kuma har yau kunnen bai manta ba. Mu a wurinmu abin da aka ninke an ninke shi ne don a adana. Ku a wurinku duk takardar da ta shigo, masinja ya miƙa, a farke, a buga hatimi, a rubuta kwanan wata. Kai ka ɗauka zaurenmu ma wani reshe ne na ofishinku. Me ya hana ka zo da hatimin, in buga maka?

Na ba ta wuri mafi daraja a ɗakin Inna, cikin kabad mai gilashi, tsakanin kofunan da ba a shan shayi da su da farantan da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Kullum da safe kafin in fita sai na goge mata ƙura da bakin gyalena. In hau keke napep zuwa Badarawa, in tsaya gaban 'yan aji uku ina yi musu faɗa cewa duk rubutun da suka gani su karanta, ko a jikin kwalin sabulu ne. Malamarsu kuwa tana share ƙurar takardar aurenta ba ta karanta ba. Allah ya sa kada su ji labari.

Mako na farko ba ka zo ba, na ce aiki ne. Mako na biyu, na ce darakta ne. Ashe kai kana can kana soke kwanaki a kalandar ofis ɗaya bayan ɗaya, ni ina nan ina sauraren sallamarka, kowannenmu yana ganin ɗayan ne mara kirki. Rana ta goma sha biyar saƙonka ya shigo wayata, yana nan har yau ban goge ba: "Na fahimta. Allah ya zaɓa mana mafi alheri." Me ka fahimta, ya shehin fahimta? A wace makaranta ka fahimce shi? A garin nan duk macen da aka aiko wa da Allah ya zaɓa mafi alheri ta san an sallame ta. Na rubuta amsa doguwa na goge, na rubuta gajera na goge, daga ƙarshe na aika maka da "Amin." Na san ta shige ka, don da niyya na aika ta. Ka yafe mini wannan. Shi kaɗai ne laifina a duk shari'ar nan, sauran duka naka ne.

Daga nan damina ta yi ta zuba ba kai. Kogi ya cika ya batse, masara ta yi goyo a bayan gida aka ci aka manta, ni ina nan inda ka bar ni. Da la'asar ta yi sai in tsinci kaina da tsintsiya ina share zaure, ina shimfiɗa tabarma, sai na gama in tuna babu mai zuwa. Duk keken da ya rage gudu a kwanar layinmu sai zuciyata ta tsaya tare da shi, ya wuce ya bar ni da sauke numfashi. A makaranta Rahmatu ta juya mini kujera a ɗakin malamai, in na gaishe ta ta amsa wa bango, ni kuma girman kai ya hana ni in tambaye ta dalili. Na yi kewarka, Sharhabil. Ga shi na faɗa a fili. Na yi kewar shirunka, na yi kewar yadda kake kallon takalmi, na yi kewar ya makarantar nan taka da nake yi wa dariya, har na riƙa jin da ka dawo ka tambaye ni ita sau ɗaya tak, da na ba ka labarin makarantar tun daga ƙofa har allon aji shida. Wane irin mutum ne ke koya wa zuciya jiran la'asar sannan ya ɗauke ƙafa? Wace irin ƙauna ce ake ba wa wa'adi kamar takardar neman hutu? Na yi fushi da kai kullum da safe, kullum da yamma fushin ya gaji ya bar ni da kai.

Gwaggo Harira, ƙanwar Baba, ita ta warware mana wannan tufka. Ka san ta, ita ce ta taɓa tambayar Inna a gabanka ko kurma ne kai. Ta zo ranar Asabar da hantsi ta tarar da ni a gaban kabad ina yi wa tsuntsuwarka magana. E, ina yi mata magana, wa ka bar mini? Ta dubi wuyana, ta dubi wuyan agwagwa, ta ga sun kusa zuwa ɗaya. Ta fizge ta, ta fita tsakar gida, ta ɗaga ta ga rana, rubutu ya bayyana layi-layi. Ta saki salatin da ya watsa kajin maƙwabta. Ta ce, "Yaya Malam, fito ka gani! Wannan ba tsuntsu ba ne, laya ce aka yi wa wuya! Wata biyar yarinya ba ci ba sha, ashe a cikin gidanka aka binne mata abin, tsakiyar kofuna!"

Ka ji, ya farin cikin raina? An ɗaukaka ka. Daga jami'in ajiye takardu ka zama boka.

Na biyo ta da gudu ina kuka, ina cewa don Allah Gwaggo a hankali, ba a jan fiffike. Wannan ya ƙara tabbatar mata cewa abin ya ci ni har ƙashi. Baba ya fito daga ɗakin karatu da tabarau a hannu, ya ce a ba shi ya buɗe ya gani, ta ce sam, hannu ba zai sake taɓa shi ba sai an karya shi. Ta sa aka tsinko ganyen magarya guda bakwai, ta dandaƙa, ta zuba a babban kwanon wanke-wanke, ta cika shi da ruwa. Matan maƙwabta uku sun riga sun shigo aron abin da ba su san sunansa ba. Gwaggo ta yi bismilla, ta riƙe tsuntsuwarka da bakin zane, ta sake ta a ruwa.

Sai ta yi iyo. Wayyo, Sharhabil, da ka gani! Ta zauna daram a kan ruwan kamar can aka haife ta, kai a sama, fara fat a tsakiyar koren ganye. 'Yar iska ta zo ta tura ta, ta zagaya kwanon sau ɗaya, a hankali, da yangarta duka. Har Gwaggo sai da ta manta da addu'ar da take yi. A lokacin na yarda ba agwagwa ba ce. Sannan ruwa ya fara hawa jikinta. Wutsiya ta saki, fiffike ya buɗe, wuyan ya sunkuya kamar mai gaisuwa, ta baje a kan ruwa ta koma takarda. A ƙarƙashin fiffiken hagu kuwa, ga wata 'yar kibiya da aka zana ƙanƙanuwa, an rubuta a gefenta, "Buɗe nan."

A ƙarƙashin fiffike! Fiffiken da ka ce ba a ja! Ya kai mai zurfin hikima, ya rijiyar basira, wane malami ne ya koya maka ka kulle ɗaki, ka bar makullin a ciki, ka koma gida kana jiran a shiga? Da ka rubuta a goshinta, da na gani. Da ka rubuta a wutsiya, da na gani, don nan ƙura ta fi taruwa.

Baba ya sa yatsu biyu ya tsamo ta, ya shimfiɗa a kan faranti. Albarkacin biron gwamnati, tawada ba ta zuba ba. Ya sa tabarau, ya gyara murya, ya karanta da muryar da yake fassara wa magidanta littafi, a gaban Inna da Gwaggo da masu aro su uku:

"Zuwa ga Malama Ummukulthum Ahmadu. Batu: Neman izinin turo magabata. Dangane da ziyarce-ziyarcen da na riƙa kawowa tun watan Fabrairu, ina mai neman izininki in turo magabatana wurin mahaifinki. Idan ban samu amsa cikin kwana goma sha huɗu ba, zan ɗauka ba a amince ba, kuma ba zan ƙara damun ki ba."

Batu! Har ka ja masa layi da rula. 'Yan matan garin nan ana rubuta musu taurari da furanni da ruwan sanyi, ni an rubuta mini dangane da. Duk da haka maganar ta shige ni, na zauna a bakin turmi. Na baza kunne ina jiran sauran, kalma ɗaya tak mai ɗumi, ko a gaban masu aro ce, na yarda in sha kunyar. Baba ya juya takardar, ya duba baya, ya sake juyowa. Babu saura. Daga "ba zan ƙara damun ki ba" sai yagaggen baki. Ka tuna rarar da na ce ka riƙe? Ka rubuta takardarka a doguwar takardar ofis, ka zo ninkewa ka ga dole gefe huɗu su zama daidai, ka goga, ka yage ƙasan. Da ƙarshen maganarka, da sunanka, da sa hannunka, duk sun tafi. Tsuntsuwar dai ta fito daidai wa daida, wannan kam babu mai musu.

Gwaggo ta dube ni ta ce in da wannan rubutun aka kama ni, to da ma a kame nake. Ta zubar da ruwan magarya tana ƙunƙuni, wai an ɓata mata ganye.

Baba ya cire tabarau. Na ga gemunsa yana rawa, na san dariya yake dannewa, amma da ya dube ni ya ga yadda nake, sai ya bari. Ya ce, "Takardar mutumin kirki ce, amma babu sa hannu. Ni ban taɓa aikin ofis ba, amma na san ko a ofishinsu ba a aiki da takardar da ba sa hannu. Ki gaya masa Juma'a bayan la'asar ina zaure. Ya zo ya sa hannu a gabana, sannan mu yi maganar magabata. Wa'adina bai kai nasa tsawo ba, don na fi shi tsufa."

Jiya Litinin na tare Rahmatu a bayan aji biyar kafin a buga ƙararrawa. Na ba ta labari daga kabad har kwano. Ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta rungume ni ta fashe da kuka, ta ce wata biyar tana tsine mini a zuci a kan yayanta. Ita ta gaya mini maganar Kafanchan. Ita ta gaya mini ka daina cin tuwon dare, ka daina ninke komai, ko takardar tsire in ta zo hannunka sai ka shimfiɗe ta. Kuma ita ta gaya mini abin da ya sa na kasa koyar da lissafi jiya: wai guntun nan da ka yage yana nan, a cikin walat ɗinka, bayan katin aiki. Tana ganin ka kana fito da shi kana kallo kana mayarwa. Na ce me aka rubuta a ciki? Ta ce ba ta sani ba, a ninke yake, ba ta buɗe ba. Ashe ba mu kaɗai ba ne.

Takardarka ta bushe a ƙarƙashin littattafan Baba. Na rantse sai na mai da ita yadda take. Na nemo bidiyon mutanen naka a waya, na zauna da tsofaffin takardun jarrabawa ina gwadawa. Ta farko ta fito kamar kazar da mota ta bi ta kai. Ta biyu Inna ta tambaya ko takalmi ne. Sai a ta goma sha ɗaya na samu abin da za a iya nuna wa mutum. Sannan na ɗauko taka, na bi layukan da farcenka ya bari, kusurwa zuwa kusurwa, gefe zuwa tsakiya, ina aza yatsana inda naka ya bi. Jiki ya dawo, fiffike ya dawo. Wuyan ne ya ƙi. In na ɗago shi ya tsaya kaɗan, in na saki ya faɗi. Gaskiyarka, in ta warware ba ta komawa daidai. Tana can cikin kabad tsakanin kofuna, kanta a kan ƙirjinta, kuma duk wanda ya shigo ɗakin ya ce ta yi kama da ni.

To, Yallaɓai, tunda sai da tsari kake ji, ga naka. Batu: Amsa. Dangane da takardarka da aka ambata a sama, an amince. An amince tun kafin ka rubuta, an amince tun ranar ruwan farko, an amince a kowace rana ta kwana goma sha huɗun nan da kake sokewa, da duk ranakun da suka biyo baya waɗanda babu wanda ya ƙirga sai ni. In kuma akwai sauran wuri a kanka da fayil bai cika ba, ga shi da harshen mutane: ina son ka, Sharhabil. Ina son ka da shirunka da rularka da duk wautarka.

Ba Kafanchan nake tsoro ba. In takardar canjin nan tana janyuwa, kai ka san aljihun teburin da take kwance, ka janye ta. In ba ta janyuwa, Kafanchan ma gari ne, akwai makarantu, akwai yaran da za a yi wa faɗa su karanta abin da suka gani. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ka shiga mota ranar Litinin da tunanin cewa ka miƙo mini zuciyarka na kawar da kai. Ban kawar ba. Na sa ta a gilashi ne, ina goge mata ƙura.

Rahmatu ce za ta kawo maka wannan a babban ambulan, a shimfiɗe, ba ninki ko ɗaya. Na ce ta tsaya a kanka har ka karanta, kuma ta karɓo sa hannunka cewa ta iso, don na koyi darasi. Juma'a bayan la'asar, ya ruwan farkon daminata. Ka sa shaddar nan mai ƙara, ka baro gida da wuri saboda cunkoso. Ka zo ka ɗaga wa tsuntsuwarka wuya, yatsunka kaɗai ta sani. Kuma ka zo da guntun nan na cikin walat. Sa hannun na Baba ne, ya ɗauka. Amma layin da ke samansa, wanda ka rufe takardar da shi, nawa ne, wata biyar ke nan kana yawo da shi a aljihu. Ina so in ga abin da ka kira kanka a wurina a ranar da kake gumi. Wannan karon ni zan buɗe da hannuna.

Ka ce tsuntsuwarka in ta zaɓa ba ta sake wani. Ban taɓa ganin ta a tafki ba, a kwanon wanke-wanke kawai na gan ta, don haka ba zan ba da shaida a kanta ba. Amma macen da ta riƙe takarda wata biyar da kwana shida ba ta san abin da ke ciki ba, don kawai daga hannunka ta fito, kai ka auna yadda za ta riƙe mai hannun.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a ninke ni a farin ƙyalle, ba wa'adi, ba kwanan wata,

Ummukulthum Ahmadu.

Duba ƙasan takardar nan da kyau, masoyina. Babu inda aka yage.